Igiyar Akurkin Zabin Daji

Ku matasan ikkilisiyar nan, bakinku ya fi hankalinku sauri. Mutum ya shigo sujada yana warin burkutu, tun bai zauna ba kun rufe shi da wa'azin wuta. Ya fita, bai sake dawowa ba, ku kuwa kuna murna wai kun faɗi gaskiya. Ba ku da kunya! Ku zauna ku ji.

Akwai wani manomi wanda gonarsa take bakin daji, tana iyaka da ta ƙanensa. Sau biyu yana shuka dawa, sau biyu zabin daji suna tonewa su cinye. Irin da ya rage masa mudu ɗaya ne tak. In wannan ya tafi, bana ba tuwo a gidansa.

Sai ya yi babban akurki da kara, ya tokare ƙofar da sanda, ya ɗaura wa sandar doguwar igiya har bayan wata sabara. Kowace safiya yakan watsa tsaki daga bakin daji har cikin akurkin, ya ɓuya yana kallo.

Ƙanen ya ce, "Yaya, damina na gudu, kai kana ciyar da ɓarayinka? To, ka haɗa musu da miya mana!"

Manomin ya ce, "Kai dai kada ka taɓa igiyar nan. Da rai nake son su, kuma dukansu."

A rana ta uku manomin ya tafi rafi. Ƙanen ya leƙa, ya ga zabuwa ɗaya a ciki. Ya fizgi igiya, ya yanka zabuwar nan take a kan idon 'yan'uwanta. Fir! Garken ya watse.

Manomin ya dawo. Ya tuge akurkin, ya kafa shi a wani gefe nesa da jinin, ya sake farawa da tsakin kunun gidansa. Kwana huɗu ko ɗaya ba ta zo ba. Daga nan biyu suka shiga, ya ƙyale su suka ci suka fita. Suka kawo biyar, ya ƙyale su. Ran kwana na goma duka suka shiga, har babban zabon da yake tsaya musu gadi. Sa'an nan ya ja igiya. Garam! Zabi ashirin da uku, ba wadda ta karye ko ƙafa. Ya rage musu gashin fiffike, ya kai su gida yana yabon Ubangiji. Ya shuka mudunsa, ya tsira sarai, ɓarayin jiya kuma suka zama masu ba shi ƙwai.

Ma'anar wannan misali ke nan. Zabin daji su ne ɓatattu, masu tsoron ƙofar Allah. Tsakin nan alheri ne, gaisuwa da wurin zama da ruwan sha. Igiyar kuwa tana hannun Yesu, shi ya san ranar janta. Wanda ya riga shi ja, rai ɗaya zai kashe, ashirin da uku su gudu.

Ƙanen fa? Kwanakin da zabin suka ƙi akurki, a gonarsa suka sauka, ba su bar masa ko ƙwaya ɗaya a rami ba. Saboda romon tukunya ɗaya, shekarar nan rumbunsa ya kwana wayam. Magidanci da gemunsa, shi ya riƙa share kashin zabin yayansa har kaka, kafin a zuba wa 'ya'yansa tuwo.