Maganin da Aka Rataye a Kan Kuka

Ga ta nan, ga ta nanku, jama'a!

Ta zo, kunnuwanmu na jiran ta!

Wata shekara cutar gudawa ta ɓarke a dawa. Manyan namun daji suna shan ruwa a saman rafi, ƙanana kuwa sai a ƙasa, inda dattin manya ke taruwa. Saboda haka ƙananan ne suka yi ta mutuwa.

Zaki ya sa aka dafa magani, ya damƙa wa Kura rabo. Kura ta rataye tulun a ƙololuwar kuka, wai kada a yi ɓarna. Giwa ta miƙa hanci ta sha, Raƙumin Dawa ma ya sha, alhali lafiyarsu ƙalau.

Bushiya ta jawo 'ya'yanta biyu har gaban Zaki, ta ce, "Ranka ya daɗe, a sauko mana da tulun nan, yarana za su mutu!"

Zaki ya ce, "Wa ya hana ki? Magani kyauta ne, kowa ya je ya sha."

Ta ce, "Da wace ƙafar zan hau kuka?"

Kura ta ce, "Gajartarki kuma laifinmu ne?"

Kafin la'asar yaran sun cika, ta binne su da hannunta.

Bayan sati guda Zaki ya tara jama'a, ya ce, "Mun ci ƙarfin cuta! Kwana uku ke nan ba wanda ya kawo ƙara daga ƙasan rafi."

Bushiya ta miƙe, ƙayoyinta a tsaye. Ta ce, "Wa zai kawo maka ƙara? Ni kaɗai na rage!"

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera, nan na ajiye ta.