Jirgin Koyon Tuƙi a Cikin Jiragen Yaƙi

Akwai wani dattijo a garin Viborg na ƙasar Denmak mai suna Thorkild. Tsohon jami'in kwastan ne. Ya ajiye aikin, amma halin aikin bai ajiye shi ba. Ko murmushi ka yi masa, sai ya leƙa ya ga abin da ka ɓoye a bayansa.

Shi ne shugaban ƙungiyar masu haɗa ƙananan jiragen sama na roba, irin waɗanda ake saya a kwali, a liƙa su guntu-guntu da gam, a yi musu fenti. Duk Asabar da rana suke haɗuwa a ɗakin ƙasa na wata tsohuwar makaranta, ga kofi, ga burodi mai kirfa, ga gardama.

Da hunturu ya kama, suka yanke cewa aikin bana na jiragen kai hari ƙasa ne, masu saukowa su yi wa tankoki ruwan wuta. Kowa zai fara da sabon kwali, ya haɗa da hannunsa, a baje su a bikin bazara. Shugaba ne mai cewa wannan jirgi ya shiga, wancan bai shiga ba.

Kowa ya faɗi sunan jirgin da zai haɗa: wani ya ce Stuka, wani ya ce Typhoon. Thorkild yana gyaɗa kai. Sai aka zo kan Aksel, gwanin ƙungiyar, wanda suka daɗe suna gasa da Thorkild, kuma kusan kullum Aksel ke cinyewa.

Aksel ya ce, "Harvard zan yi. Mai babban kwalin nan."

Thorkild ya sauke tabarau. "Harvard? Jirgin koyon tuƙi? Tsoho, jirgin yaƙi muka ce, ba keken yara ba."

"Faransawa sun ɗaura masa bindiga da roka a Aljeriya. Je ka bincika."

Bodil, direbar bas, mace ɗaya tilo a cikinsu, ta ce, "Gaskiyarsa. A bar shi ya shiga mana."

Thorkild ya ce sai mako mai zuwa zai yanke.

Ya bincika, ya tarar maganar Aksel haka take. Amma maimakon hankalinsa ya kwanta, sai ya ƙara tashi. Mutumin da ke ɗaura wa ɗan mitsitsin matuƙin roba bel ɗin kujera siriri kamar silin gashi, me zai yi da jirgin da ko ɗan koyo zai gama a yini biyu? Ruwa ba ya tsami banza.

Ya shiga tuno abubuwa. Aksel ya daina zuwa da akwatin kayan aikinsa. Ya daina zama a teburin haɗi, sai dai ya tsaya a baya, hannu cikin aljihu, yana kallon na mutane. Ko kofi aka miƙa masa, sai ya ce ya sha a gida.

Ran Talata kuma Thorkild ya shiga shagon kayan jirage, sai ga Gudrun, matar Aksel, tana zaɓen gam da fenti. Da ta hango shi ta cusa su a jaka, ta gaishe shi a tsaitsaye ta fice.

Tun a bakin shagon ya kira Bodil a waya.

"Biri fa ya yi kama da mutum. Ba Aksel ke haɗa jiragensa ba. Ko matarsa ce, ko wani suke ba wa. Shi ya sa ya zaɓi mai sauƙi."

Bodil ta ce, "Kai dai ba ka gajiya. In abin ya dame ka, ga gidansa can, je ka tambaye shi ku biyu."

"In tambaye shi ya shirya ƙarya? Na buɗe akwatunan da suka fi wannan, Bodil."

"Mutum ba akwati ba ne," in ji ta, ta kashe wayar.

Ran Asabar Aksel ya zo da kwalinsa a hammata, ko ledar ba a ɓare ba. Thorkild ya bari kowa ya zauna, sannan ya miƙe.

"Harvard ya shiga. Amma da sharaɗi. Ka buɗe kwalin a nan, ka liƙa kujerar matuƙi a gabanmu."

Aksel ya dube shi. "Thorkild, ka bar maganar nan."

"In ba rami, me ya kawo maganar rami? Ga gam, ga hantsaki."

Aksel ya ja kujera ya zauna. Ya fitar da hannunsa na dama daga aljihu.

Hannun rawa yake yi. Ba rawar sanyi ba, ba ta tsoro ba. Ya dafe shi da na hagu, bai tsaya ba. Da ƙyar ya yage ledar. Ya kama 'yar kujerar da hantsaki, ta suɓuce ta faɗa ƙarƙashin tebur. Ya kai hannu ga kwalbar gam, ta kife, gam ya malale a kan takardar zanen.



Aksel ya ce, ba tare da ya ɗaga kai ba, "Tun lokacin kaka likita ya gaya mini ciwon rawar jiki ne. Ba warkewa ake yi ba. Na so in haɗa guda ɗaya na ƙarshe kafin ku fara kallona yadda kuke kallona yanzu. Guntayen wannan manya ne, shi ya sa. Gudrun ke yi mini sayayya don na daina tuƙi." Ya miƙe. "Ka gama bincikenka, shugaba?"

Ya fita, ya bar kwalin a buɗe.

Thorkild ya buɗe baki. Bodil ta ce, "Kada ka ce komai. Ka riga ka ce."

Asabar ta zagayo. Thorkild ya dafa kofi, ya jera kujeru, ya zauna. Ba wanda ya zo. Yana nan zaune har kofin ya huce. Daga baya ya durƙusa a ƙarƙashin tebur, ya yi ta laluben 'yar kujerar nan sai da ya same ta. Ya mayar da ita kwalin, ya nufi gidan Aksel.

Ga kekuna a ƙofar gidan, ga motar Bodil. Ashe can duk suka koma.

Gudrun ta buɗe ƙofa, ta tsaya a tsakiya. "Kwastan ne? Me kuma za a duba yau?"

"Kwalinsa na kawo. Kuma na zo in ce na yi kuskure. Babba."

Ta karɓi kwalin, za ta tura ƙofa, sai muryar Aksel ta fito daga kicin.

"Bar shi ya shigo, Gudrun. Ina neman mai riƙe mini fiffike har gam ya bushe. Ban san wanda ya kai shi iya riƙe abu ya ƙi saki ba."

Aka kwashe da dariya a ciki. Thorkild ya shiga kansa a sunkuye.

Haka suka ƙare hunturun. Thorkild na riƙewa, Aksel na liƙawa, in ya ɓata su goge su sake. Aksel bai taɓa barin kowa ya liƙa masa ko guntu ɗaya ba. Jirgin ya je bikin bazara da tabon gam a gefe, kuma shi ne na ƙarshe da Aksel ya haɗa.

Shugabanci ya koma hannun Bodil, Thorkild bai yi gardama ba. Aksel ya yafe masa. Gudrun kuwa, har yau in Thorkild ya je gidan, sai ta gama zuba wa kowa kofi sannan ta tuna da shi.

Darasi: Ba duk mai ɓoye abu ne maƙaryaci ba, wani ciwonsa yake rufewa. In ka yi zargin ɗan'uwanka, ka same shi ku biyu kafin ka tara masa jama'a, domin asirin da ka tona a gaban mutane ba ya rufuwa da ban haƙuri. Ka tura wa wani wannan labari, wataƙila akwai wanda yake shirin tonawa gobe.