Kunkuru da Kwatar Lungun Majema

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.

Ta zo, muna ji, Baba.

Ranar Laraba ce, rana ta take. Kunkuru na zaune a ofis. Shekara talatin ya yi yana sintiri a ƙafa, lungu-lungu, kafin a ba shi shugabancin 'yan sandan babban birni. Sai ga Akuya ta faɗo da ihu.

"Ranka ya daɗe, Kura ta sure mini ɗa! Ta shige Lungun Majema!"

Sajan Kare ya zabura. "Yallaɓai, mu bi ta!"

Kunkuru ya ce, "Kada ku shiga. Ku tare bakin lungun, ku yi ta haushi."

Sajan ya fita yana ƙunƙuni. "Haushi kawai? Kafin tsoho ya ɗaga ƙafa an cinye yaro!"

Shi kuwa Kunkuru ya san lungun ba ya ɓullewa sai ta wata kwata mai tsukakken baki, wadda ta fito bayan ofishinsa. Ya lallaɓa can ya zauna.

Sajan da sauran karnukan 'yan sanda suka kaure da haushi, Kura ta firgita, ta afka kwata. Can sai ga kanta ya ɓullo, ɗan akuya a baki, ciki kuwa ya maƙale, ba gaba ba baya!

Kunkuru ya ce, "Sannu da hanya, Kura. Ajiye yaron."

Ta ajiye. Akuya ta rungume ɗanta tana guɗa.

Washegari Kunkuru ya sa hularsa ya fita sintiri, Sajan na biye da shi sannu a hankali, yana leƙa kowace kwata.

Ƙurunƙus kan kusu. Ku tashi ku ba ni wuri.