Motar Yaya da Turbon Auta

Akwai wani direba da duk unguwarsu ke kira Auta, don shi ne na ƙarshe a ɗakinsu. Tun yana ƙarami iyayensu suka rasu, wansa ne ya riƙe shi. Wan nan nasa, da kowa ke ce wa Yaya, yana da wata tsohuwar a-kori-kura mai shan dizal, da ita yake dakon bulo da siminti da tsakuwa. A cikinta ya koya wa Auta tuƙi, tun ƙafarsa ba ta kai totur ba.

Wata safiya Yaya ya sunkuya zai ɗaure kaya, sai ya faɗi. Da aka sallamo shi daga asibiti, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana sai da ƙyar. Ya miƙa wa Auta makullin motar da hannun hagu.

"Ri... riƙe... gida," in ji shi.

Auta ya yi kuka ranar, kukan gaske ba na ganin ido ba.

Da farko ya riƙe amana. Yana fita aiki, yana kawo cefane, duk mako kuma ya ɗauki Yaya ya kai shi asibiti gashin jiki. Matar Yaya, wadda yake kira Anti, har tsokanarsa take yi: "Sannu da zuwa, ƙaramin maigida. A kawo ruwa ko a kawo amarya?"

Matsalar daga wani hawa ta fara. A hanyar wurin fasa dutse akwai tudu mai tsawo, in motar ta ɗauko tsakuwa sai ta koma giya ta ɗaya tana nishi. Akwai wani direba a tasharsu, Dogo, mai sabuwar mota da baki kamar reza. Kullum a tudun nan yake wuce Auta, ya leƙo ta taga.

"In Allah ya kai ka gobe, ka gaishe min da mutanen sama!"

Rannan a tasha, a gaban kowa, Dogo ya daki bayan motar ya ce, "Ku bar ganin laifin yaron nan. Mota ce ta shanye kamar mai ita."

Aka bushe da dariya. Auta ma ya yi yaƙe, amma maganar ta zauna masa a ƙirji. Daga ranar, in ya dubi motar sai ya ga Yaya, in ya dubi Yaya sai ya ga motar, duka biyun kuma kunya suke ba shi.

Sai ya tafi garejin wani bakanike da ake kira Injiniya, mutumin da bai taɓa ce wa mai mota a'a ba. Injiniya ya shiga ɗakin kaya ya fito da wani ƙarfe mai kama da dodon koɗi, wanda aka ciro daga motar da ta yi hatsari.

"Ka ga wannan? Shi ne turbo. Hayaƙin da injinka ke zubarwa a banza shi zai riƙa juya farfelar ciki, ita kuma ta riƙa ɗura wa injin iska. Iska ta yi yawa, mu ƙara masa mai. Tsohuwa ta koma budurwa."

"Za ta wuce motar Dogo?"

"Dogo? Sai dai ya ga ƙurarka."

Aka yanke salansa, wato bututun hayaƙi, aka yi waldar sababbin bututai, aka ja wa turbon layin baƙin mai, aka ɗaura wani ƙaramin lagireto a gaba don sanyaya iska. Motar ta daɗe a gareji, kai Yaya asibiti ya tsaya, Auta ko a jikinsa.

Ranar gwaji Injiniya ya sa sukundireba a famfon dizal ya ɗan murɗa. Suka zaga suka dawo.

"Ƙara," in ji Auta.

Ya ƙara. Hayaƙi ya fara baƙi.

"Ƙara dai."

"Kai ne mai mota," in ji Injiniya, ya sake murɗawa.

Auta bai tsaya nan ba. Ya sa aka cire matatar iska don a riƙa jin fiton turbon tun daga nesa. Ya sa aka miƙar da salansa sama, a bayan kan motar, kamar ta tirela. Ya sayo wa kujeru sababbin riguna masu laushi.

Washegari a tudun nan, da tsakuwa cike da bodi, ya hango Dogo a gaba. Ya sauke giya ya taka. Motar ta yi fito, ta manna shi da kujera, ta wuce Dogo kamar yana tsaye. Auta ya duba madubi bai ga komai ba sai baƙin hayaƙi. Ya daki sitiyari yana ihu shi kaɗai. Tun da aka haife shi bai taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Kafin mako ya zagayo, tasha ta raɗa masa Sarkin Hawa. Dogo da kansa yake saya masa shayi.

To, ɗan'adam in ya ɗanɗana taka wani, da wuya ya ƙoshi. Auta ya gano cewa in ya rage gudu sannan ya taka totur da ƙarfi, motar na amayar da hayaƙi kamar an ƙona taya. Sai ya mai da abin wasa. A mahaɗar da ke kusa da asibiti akwai mai wanki da ke shanya a bakin hanya, da mai lemo, da mai faci. In ya zo daidai su sai ya rage gudu, ya saita su, ya taka. Fararen kaya su koma ruwan toka, mutane su bi shi da tari da Allah ya isa, shi kuwa yana dariya har da hawaye.

A gida ma haka. A gindin tagar Yaya yake ajiye motar, da safe ya yi ta zuga ta har kwanuka na rawa. Wata rana Yaya ya sa Anti ta kira shi. Ya ɗaga hannun hagu yana nuna waje.

"Mo... mo... motar..."

"Yaya, ina da lodi. In ka haɗa maganar ka ba Anti ta ajiye min."

Da ya je tasha sai ya karkace baki, ya langaɓar da hannu, ya ce, "Mo... mo... mo..." Direbobi suka yi ta faɗuwa don dariya. Dogo ya ce a sake, ya sake.

Da ƙyar Anti ta shawo kansa aka koma kai Yaya gashi. Ta zaunar da mijinta a gaba, ta zauna gefensa. Suna hawa titi Auta ya ce, "Yaya, bari ka ji abin da motarka ta zama a hannun maza."

Ya taka. Yaya ya yi baya, ya kai hannun hagu yana laluben abin riƙewa bai samu ba. Auta ya taka burki, goshin Yaya ya daki gaban mota. Anti tana salati, tana roƙo, ya sake takawa. Da suka tsaya, wandon Yaya ya jiƙe, fitsari ya ratsa sabuwar rigar kujera.

Yaya ya sunkuyar da kai. Mutumin da ya yi shekaru yana ɗaga buhun siminti da hannu ɗaya, ga shi hawaye na bin karkataccen bakinsa.

Auta ya dubi kujerar, bai dubi wansa ba.

"Daga yau a baya za a riƙa sa shi."

"Auta, ka ji tsoron Allah," in ji Anti. "Mutumin nan shi ya wanke maka kashi."

"To ki goya shi ki kai shi mana."

Ba ta da yadda za ta yi. Daga ranar sai a shimfiɗa tabarma a bodi, a kwantar da Yaya inda ake zuba tsakuwa, dab da bututun hayaƙi. Anti ta ƙi zaman gaba. Takan hau bayan, ta ɗora kansa a cinyarta, ta rufe masa hanci da mayafinta. Su isa asibiti fuska duk baƙi. Ba ta sake kiransa ƙaramin maigida ba.

A kwanakin nan motar ta fara shan baƙin mai, fiton turbon ya koma kamar kuka. Auta ya riƙa ƙara mai yana cewa ƙarfi ne ya yi mata yawa.

Ranar da abin zai faru, suna hanyar asibiti, Yaya da Anti a baya. Auta ya hango mai wanki ya cika igiya da fararen zannuwan gado. Ya yi murmushi, ya rage gudu, ya taka.

Ya ɗaga ƙafa, amma injin bai sauka ba. Ƙara sai hauhawa take yi. Ya taka kuloci ya ja burki, motar ta tsaya a tsakiyar mahaɗa tana kururuwa. Ya murɗa makulli ya zare shi gaba ɗaya. Ga makulli a hannunsa, ga inji yana ci kamar zai tashi sama.

Abin da ya faru shi ne, turbon ya lalace daga ciki, yana kwarara baƙin mai cikin injin. Injin dizal kuwa in ya samu mai da iska ba ruwansa da makulli, man jikinsa zai yi ta sha har ya hallaka kansa. Auta ya sa giya ta sama ya saki kuloci don ya kashe shi, kulocin ya ƙone, wari ya tashi.

Hayaƙi fari mai kauri ya turnuƙe bayan motar, ba a ganin komai. Auta ya diro. Daga cikin hayaƙin ya ji muryar Anti.

"Auta! Yayanka! Ba ya numfashi! Auta, zo ka kama min shi!"

Ya ji ta sarai. Ya waiga, ya ga hannunta ɗaya ya fito daga hayaƙin yana neman taimako. Sai ya tuna hirar direbobi, cewa in aka toshe wa injin iska zai mutu kafin ya fashe. Ya juya ya ruga gaban mota ya ɗaga bonet.

Mai wanki ne ya yar da guga ya shiga hayaƙin. Mai faci ya bi shi, mai lemo ya ɓalle ƙofar bodi. Su uku suka ciccibo Yaya suka yi asibiti da shi a guje, Anti na bin su ba takalmi.

Shi kuwa Auta ya tuɓe riga ya dunƙule ta, ya danna a bakin turbon. Da ma ya cire matata, babu abin da ya raba hannunsa da farfela. Ta zuƙe rigar, ta haɗa da yatsunsa. Ihunsa bai kai ko'ina ba saboda ƙarar injin. Can sai aka ji wata irin fashewa, wani ƙarfe ya faso cikin injin ya fito, baƙin mai ya malale a titi. Wurin ya yi tsit.

Yana durƙushe riƙe da hannu, jini na zuba, mutane sun kewaye shi. An daɗe kafin wani ya matso. Wata tsohuwa ta ce, "Ku kai shi don Allah, ba don halinsa ba."

A hannunsa na dama babban yatsa kaɗai likitoci suka ceto. Motar kuwa sai masu sayen tsohon ƙarfe. Da ya koma wurin Injiniya, ɗaga kafaɗa ya yi.

"Ni ƙara ka ce, na ƙara."

Ya je tasha ko zai samu wanda zai ba shi ko da aikin lodi. Dogo na hango shi ya dunƙule hannu ya ɗaga babban yatsa.

"Jama'a, ga mai jinjina nan! Sarkin Hawa, ya sauka?"

Dariyar da aka yi irin wadda ya saba ji ce, mutanen ma su ne. Ya juya ya tafi.

Yaya ya rayu, amma hayaƙin ya taɓa masa ƙirji. Daga asibiti babbar 'yarsa da mijinta suka wuce da shi gidansu, shi da Anti. Auta ya rage shi kaɗai a gida, yana koyon cin abinci da hagu.

Sai da ya yi ta kai gwauro yana kai mari kafin ya iya zuwa wurin Yaya. Anti ta ɗaga masa labule ba ta amsa gaisuwarsa ba. Yaya na jingine da matashi, ya rame, numfashinsa na fita da ƙara. Auta ya zube a ƙasa.

"Yaya, na cuce ka. Ka yafe min."

Bakin Yaya ya fara motsi. Maganar ta ƙi fita, ya huta, ya sake gwadawa. Wannan karon Auta bai da lodi, ya jira.

"Na... ya... yafe."

Auta ya fashe da kuka, ya matso zai kama ƙafarsa. Yaya ya ɗaga hannun hagu ya tsayar da shi. Bai gama ba.

"Ka... kada... ka... dawo."

Ya juya fuskarsa bango. Anti ta sake ɗaga labulen, ta tsaya riƙe da shi har Auta ya fita.

Bai sake ganin fuskar wansa ba. Ranar da Yaya ya koma ga Allah, a bakin maƙwabta ya ji, bayan an dawo daga maƙabarta.

Darasi: Ƙarfin da aka ba ka, na mota ne, na lafiya ko na matsayi, aro ne, kada ka gwada shi a kan wanda ba zai iya ramawa ba, balle wanda ya ɗauke ka lokacin da ba ka iya tafiya. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi, kuma ana iya yafe maka amma a rufe maka ƙofa. In kana da mara lafiya a gida, je ka zauna kusa da shi yau, ka jira ya gama maganarsa. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai wanda ƙafarsa ke kan totur yanzu haka.