Kabarin Daleka

Riyaz ɗan abokina Tuttu Maniku ne, kuma tun yana ɗalibina na san shi da hali guda: abin da ransa ke so na yau ne, buƙatar wani kuwa sai gobe. Ba mugu ba ne. Jinkiri ne kawai ba ya yi masa nauyi.

Shekarar da ya samu ƙarin girma a Male, babban birnin ƙasarmu, ya ɗauki hayar jirgin ruwa na kwana uku, zai kai iyalinsa yawon buɗe ido a tsibiran kudu. A'a, na arewa, don can ne tsibirinmu na haihuwa, wanda aka kwashe mu daga cikinsa da teku ya fara cin gaɓa. A can muka baro kabarin Daleka, mahaifiyar Riyaz. Tuttu ya ce zai bi su, ya ja ni. Buƙatarsa ɗaya ce, a sauke shi ko na sa'a guda ya tsaya a kan kabarin matarsa, domin masunta sun ce ruwa ya kusa maƙabartar.

Ranar farko Riyaz ya ce, "Baba, bari yara su fara ganin kifayen nan masu tsalle. Gobe da sassafe sai wajen Mama."

Washegari Tuttu ya fito da fararen kayansa na Juma'a. Riyaz ya ce akwai wani tudun yashi da ba a ganinsa sai ruwa ya janye, can za a yi hotuna. Mai jirgin ya nuna masa gajimare.

"Yallaɓai, iskar yamma ta kusa. In ta taso, ba na shiga mashigar tsibirin nan."

"Wayata ta ce rana har jibi."

"To, sai wayar ta tuƙa mu," in ji mai jirgi.

Aka yi dariya. Tuttu ya wuni a inuwar rumfar jirgi, yana kare kayansa daga feshin ruwa. Romon kifi da shinkafar da aka zuba masa ma ni na ci.

Rana ta uku iska ta taso. Mun matsa har muna hango bishiyoyin kwakwar tsibirin, amma igiyar ruwa ta toshe mashiga. Mai jirgi ya juya. Tuttu ya ɗaga hannu ya yi addu'a daga inda yake.

Na ce, "Tana isa daga nan, Tuttu."

"Na sani, Malam. So nake in ga wurin."

Bayan wata huɗu, ko biyar ne, iska ta kwanta. Riyaz ya koma da mahaifinsa, su biyu kaɗai. Riyaz ne ya ba ni labari da bakinsa. Inda maƙabarta take, ruwa suka tarar har gwiwa. Tsohon ya shiga da sandarsa yana laluben ƙasa, yana cewa nan ne, a'a, can ne. Bai samu ko dutse ɗaya ba. Da la'asar Riyaz ya goyo shi zuwa jirgi. Har Tuttu ya rasu bai taɓa ɗaga masa maganar ba, kuma Riyaz ya ce da ma zaginsa ya yi.

Mai karatu, idan tsohonka ya roƙe ka abu ƙarami, ka sa shi a gaban jin daɗinka. Nishaɗi kan dawo wata shekara, amma akwai buƙatar da rana ɗaya tak aka ba ka ka biya ta, kuma ba za a gaya maka wace rana ce ba.