Amalanken Kunkuru da Jirgin Gizo

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, Gwaggo!

To Lantana, rufe bakin nan, ki bar ni in yi.

An yi wani Kunkuru, maƙwabcin Gizo, kowa da jirginsa na kamun kifi. Rani ya yi, kogi ya janye, kifi duk ya koma wani tafki bayan tudu. Sarkin Ruwa ya sa ranar su, wato ranar da kowa zai shiga kamun kifi. Matsalar ita ce, wa zai iya ɗaukar jirgi a ka har can?

Kunkuru ya sari gawo, ya sassaƙa ƙafafu biyu, ya zura musu sanda a tsakiya, ya ɗaura katako a sama. Ga amalanke! Mutane suka yi ta zuwa kallo, suna cewa, "Kai, Kunkuru akwai basira!"

Gizo ya ji. Wayyo, baƙin ciki kamar ya kashe shi! Ko tuwo ya kasa haɗiya. Ya ce, "Wannan mai tafiyar hawainiya ne zai riga ni tafki? Ba a yi ba!"

Da Kunkuru ya tafi kasuwa, Gizo ya je wurin Gara. Ya ce, "Ku shiga sandar tsakiyar amalanken Kunkuru ku cinye cikinta, ku bar bayanta lafiya lau." Gara suka ce, "An gama."

Ranar su, gari ya taru. Kunkuru ya jawo amalanke har ƙofar Gizo, ya ce, "Yaya Gizo, kai ne babba. Da jirginka za a fara."

Gizo ya yi maza ya tare gaban jirginsa. Ya ce, "A'a ƙanena, fara da naka."

Mutane suka ce, "Babba ne gaba!"

Ya ce, "Jirgina nauyi gare shi."

Suka ce, "Babba ne gaba!"

Ya ce, "Ni fa yau cikina ke ciwo."

Suka ce, "Ai ba kai za ka ɗauka ba. Babba ne gaba!"

Ya faɗi gaskiya ya sha kunya? Ina! Ɗan banzan nan yana kallo aka ɗora jirginsa, shi ke nan ɗaya da ya mallaka.

Aka tura, ƙiiƙi-ƙaaƙa, Gizo na biye yana ta, "A hankali, jama'a, a hankali!" Aka hau tudu lafiya. Ana fara gangara, sai ƙaras! Sanda ta karye. Jirgi ya sulale, ya daki dutse, ya rabe biyu.

Kunkuru, bawan Allah, har da hawaye. Ya ce, "Yafe mini, Yaya, laifina ne."

Sai ga Gara suna fitowa daga cikin sandar, ciki taf. Babbarsu ta dubi Gizo a gaban kowa, ta ce, "Gizo, aikin da ka sa mu ya yi kyau ko?"

Kowa ya juyo ya dubi Gizo.

Kunkuru ya juya masa baya. Ya sari sabuwar sanda, ya koma ya ɗauko nasa jirgin. Kafin la'asar ya cika shi da tarwaɗa. Gizo kuwa na kan tudu, rungume da ɓarin jirgi, ko ƙayar kifi bai samu ba, kuma ba wanda ya ce masa sannu.

Kun ji dai. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Ƙurunƙus kan tarwaɗa! Kowa ya tashi ya nemi tabarmarsa.