Malam Ilu da Tsohuwa a Ƙofar Caji Ofis

An yi wani mutum tun zamanin iyayenmu, wani bawan Allah ana ce masa Malam Ilu. Gwamnati ta ɗora masa zagaya ofisoshin 'yan sanda, ya duba yadda ake tsare mutane, ya koma ya shaida wa na sama. To, kun san yadda ake yi, ni har na gaji da faɗa. Kafin mai duba ya iso an riga an sanar. A share, a shafa farar ƙasa, a yanka rago. Ya ci, ya yi gyatsa, ya ce komai lafiya.

Wata rana da hantsi ya isa wani gari. Babban ɗan sandan wurin ya tarbe shi, ya buɗe masa ɗakin tsarewa. Fes, ba kowa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, garinmu shiru. Bismilla, nama na hucewa."

Ku saurara. A bakin ƙofa akwai wata tsohuwa zaune cikin rana, da kwano a cinya. Malam Ilu ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Iya, wa kika kawo wa abinci?"

Ta ce, "Ɗana Tanimu. Tun kafin damina suka kama shi kan rigimar gona, ba a kai shi gaban alƙali ba. Yau kuma sun ce ba su san shi ba."

Malam Ilu ya zauna a ƙasa kusa da ita, ya ce, "Ba zan ci ba sai Tanimu ya ci."

Aka lallashe shi, ya ƙi. Babban ya raɗa masa, "Malam, ina da mutane a sama fa." Ya ce, "Na sani." Aka yi azahar, yana nan. Aka yi la'asar, yana nan. Ƙarshe dai suka buɗe wani ɗaki a baya inda ake jibge kekunan da aka ƙwace. Can aka cusa mutanen da ake tsare da su saboda zuwansa. Tanimu ko tsayuwa ba ya iyawa, uwarsa ce ta riƙa ba shi a baki tana kuka. Washegari Malam Ilu ya raka su kotu, alƙali ya sallami Tanimu.

Kuna jira in ce an ƙara masa girma? Ina! Cire shi aka yi daga dubawa, aka ajiye shi a wani ofis da ba aiki, har ya tsufa. Abin yana ci mini rai, wallahi.

Jama'a, wanda aka ba dubawa amana aka ba shi, ba gayyatar cin abinci ba. Kai shugaban makaranta, kai mai unguwa, kai mai gida, duk akwai wanda ke ƙarƙashin idonka. In ka kau da kai don kada a ɓata da kai, da hannunka aka zalunce shi, kuma Allah zai tambaye ka. Allah Ya ba mu ikon sauke nauyin da ke wuyanmu.